Ɗan'uwa na Yamai, kada ka sake kunna tukunyar nan da wannan rele ɗin

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, tun bayan asuba na ga tambayarka, na so in bari sai dare amma zuciyata ta ƙi. Ka ce tukunyarka ta yawur lita 50 ce, rezistans, wato ƙarfen da ke ɗumama ta, mai wat 3000, ka ɗaura mata SSR, wato rele ɗin lantarki da ke kunna wa rezistans wuta tana kashewa, mai amper 25, yau kwana huɗu ke nan tana ɗaukar zafi har kana jin warin roba, mai shago kuma ya ce maka haka suke yi. Kana son sanin ko ka sayi mai 40, da kuma ko radiyater, ƙarfen da ke janye wa rele zafi, dole ne. Wallahi da idona ya kai kan "warin roba" sai da gabana ya faɗi. Na san warin nan. Na shaƙe shi kwana uku a ɗakin aikina nan Tawa, na ce sabon kaya ne, zai daina.

Tawa mai 40 ce, ka ji. Shi ya sa ba zan ce maka ka ruga ka sayo mai 40 ba. Abin da ke rubuce a jikinta ke nan, 40, da manyan baƙaƙe.

Azumin 2022 ne, wanda ya faɗo cikin Afrilu. Mutanen Tawa sun san abin da nake nufi, rana tana kai digiri 44, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya shiga. A ranar na haɗa madara lita 45, buhun garin madarar ma bashi na ɗauko shi, sai bayan Salla zan biya. Na kai ta digiri 85, na riƙe rabin awa, na huce ta zuwa 43, na zuba iri, na saita regilater, na'urar da ke auna zafi tana ba rele umarni, ya riƙe mini 43 ɗin. Aikin da ya rage ba wani mai yawa ba ne, ɗan ɗumi kawai. Na ja ƙofa na tafi asham, bayan an sallame muka tsaya gaisuwar rasuwa a wani gida. Ban kai awa biyu ba yaron maƙwabcinmu ya zo da gudu yana cewa Baba ka zo, hayaƙi na fita ɗakin nono.

Har yau ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da maman yara a tsakar gida ta rungume ƙaramar 'yarmu tana kuka, yarinyar ma tana kuka tana tari. Ashe ita ce ta fara jin ƙauri, 'yar shekara shida, ta tura ƙofa ta shiga don ta ga me ya ƙone. Tawa tukunya ce cikin tukunya da ruwa a tsakani, ruwan nan ya tafasa ya yi ambaliya a ƙasa, ragowar ya ƙafe, rezistans ta yi ja, akwatin robar da na sa kayan wutar a ciki ya narke yana ɗiga, wayoyi a buɗe. Yarinyar nan ba takalmi a ƙafarta, ƙasa jiƙe, ni kuma a lokacin ba ni da diferansiyel, abin da ke yanke wuta in ta kama mutum, ba ni da wayar ƙasa. Taku biyu ne tsakaninta da tukunyar lokacin da uwarta ta fizgo ta. Maman yara ta danna duk maɓallin da ke jikin regilater ba abin da ya mutu, sai da maƙwabcinmu, Allah ya saka masa da alheri, ya zo ya sauke dizonkter, babban makashin wutar gida, a wajen kontar. A daren nan ban yi sahur ba. Na zauna bakin ƙofar ɗakin har aka kira salla, ina kallon sawun ƙafarta a kan siminti. Madarar ta tsinke ta yi ƙauri, ko awaki ba su sha ba, amma ban ma tuna da ita ba sai da gari ya waye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, maman yara ta ce kafin a sauke wutar allon regilater yana nuna tasa'in da wani abu, kuma ɗan fitilar da ke cewa ana ba rezistans wuta a kashe yake. Wato regilater ya yi aikinsa, tuntuni ya ce a tsaya. Rele ɗin ce ta mutu, kuma ita SSR in zafi ya kashe ta, galibi a haɗe take mutuwa, wuta ta yi ta wucewa ba mai hana ta. Wannan ba wanda ya gaya mini ranar da na saye ta. Kai ma na tabbata ba a gaya maka ba.

Bayan kwana biyu na ɗauke ta na kai wa wanda ya sayar mini. Ba baƙo ba ne, ya san mahaifina, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Da bakinsa ya ce mini orijinal ce, ya ce ko injin niƙa za ta ɗauka, ya ce radiyater ɓarnar kuɗi ce tunda mai 40 na saya. Jikka shida na ba shi. Da na ajiye masa ita a kan tebur ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce kuran ɗinku ne ya yi yawa. Na ce Alhaji 'yata ta kusa mutuwa. Ya ce to ai Allah ya kiyaye, kaya in ya fita shago ya fita. Ya juya ya ci gaba da ciniki da wani, ina tsaye, da azumi a bakina. Ni ba jikka shidan nake nema ba, Allah shaida. Da ya ce sannu, da ya ce shi ma haka aka kawo masa daga bakin iyaka bai sani ba, da na haƙura nan take. Har yanzu irinta na nan jere a gilashin shagonsa, na gani da idona watan jiya, kuma har yanzu in mun haɗu sai ya miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru. Ina karɓa, amma na bar shi da Allah.

Wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin ne ya fasa mini ita. Ya kankare baƙin danƙon da ke ciki, ya nuna mini ɗan abin nan mai ƙafa uku da suke kira triyak, wanda shi ne ainihin mai ɗaukar wutar. BTA16 ke rubuce a jikinsa. Amper 16 ke nan, a cikin kwalin da ke cewa 40. To kai yanzu ka tambayi kanka, in mai 40 tana ɗauke da 16, me ke cikin taka mai 25? Ka raba 3000 da 220, zai ba ka amper 13 da rabi da 'yan kai. Kuma ko 16 ɗin nan sai an sanyaya shi sosai yake kai ta. Sunan da ake yawan yi wa jabu shi ne Fotek, kamfanin Taiwan ne na gaske, amma masu kwaikwayonsa sun cika kasuwa, SSR-25DA da SSR-40DA, ga su nan fari da ɗan jan fitila. In kana da wanda zai kawo maka Crydom ko Omron ko Celduc ta Faransa daga dilan da aka sani, ka biya ko da ta ninka kuɗin sau biyar. Tawa ta yanzu daga jikin wani tsohon injin masana'anta aka ciro ta, ta ci shekaru kafin ta zo hannuna, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. In kuma ba hali sai ta kasuwa, ka ɗauka rabin abin da aka rubuta ma ba ta kai ba, ka raba aikin gida biyu, rezistans biyu masu 1500, kowace da rele ɗinta.

Radiyater kuwa, ɗan'uwa, dole ne, ko orijinal ce. Ita SSR ko lafiyarta lau, kowane amper da ya ratsa ta yana bar mata zafin wat ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A tukunyarka wajen wat 15 zuwa 20 ke nan cikin ɗan abin da bai kai tafin hannu ba. Ni a jikin roba na ɗaure tawa na rufe akwati, ina zafin zai bi? Ka je kasuwar Katako wajen masu tsofaffin kayan kwamfuta, ka nemi radiyater na alminiyom mai haƙarƙari da fankarsa. Ka shafa farin man nan na zafi a bayan rele ɗin, siriri, kada ka lafta, ka ɗaure tamau. Haƙarƙarin su tsaya a tsaye, su leƙo wajen akwati inda iska ke bi. Akwatin ya zama na ƙarfe. Lokacin hunturu ƙura tana toshe haƙarƙarin, duk mako ina bi da buroshi. Bayan minti 20 tana aiki, ka kashe komai ka ɗora hannu a kan radiyater, in ba ka iya barinsa daƙiƙa biyar, bai isa ba.

Amma ka ji abin da nake roƙonka da girman Allah, ko ka manta duk sauran. Kada SSR ta zama ita kaɗai ce tsakanin kuran da rezistans. Ka sa kontakter a gabanta, wato makunnin ƙarfe mai yanke wutar gaba ɗaya, mai maɓallin kunnawa da na kashewa, babban ja wanda matarka ko ɗanka zai iya dannawa ba tare da ya san komai ba. Ka nuna wa kowa na gidan. Ka manna ɗan tarmosta na tsaro a jikin tukunyar waje, wanda zai buɗe da kansa in zafi ya wuce 90 ko 95, ka bi da wayar kunna kontakter ta cikinsa. In rele ta mutu a haɗe, shi zai sauke komai. Diferansiyel mai miliamper 30, da sandar ƙasa ta gaske wadda aka haɗa da jikin tukunya, nan Tawa ƙasar a bushe take sai muna zuba wa gindin sandar ruwa. Kuma ko SSR lafiyayya ce, in ta kashe ba ta yanke wutar gaba ɗaya, 'yar kaɗan tana zurarewa, ga shi waya ɗaya kawai take katsewa. Kada ka taɓa sa hannu a kan rezistans don allon ya nuna a kashe. Sauke dizonkter tukuna.

Kontakter ɗin yana da wani amfani da ban gane ba sai 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta muka koma a kawo a ɗauke. In an ɗauke an dawo da ita cikin dare, regilater shi kaɗai zai tashi ya ci gaba, ko akwai ruwa a tukunya ko babu. Kontakter mai maɓalli ba ya tashi sai mutum ya danna. Gaskiya na yi asarar yawur sau biyu saboda haka, ya huce bai kama ba. Na yarda da wannan asarar.

Af, ka duba regilater ɗinka ma. Ba ka faɗi irinsa ba, amma in REX-C100 ne, iri biyu aka fi samu, mai harafin V a lambarsa shi ne ke fitar da volt 12 na tura SSR, mai M kuwa rele ce ta ƙarfe a cikinsa, ba ya tura ta kai tsaye. SSR mai DA a lambarta volt 3 zuwa 32 take so a ƙafa ta 3 da ta 4, kada ka juya su, ta 3 ce mai alamar ƙari. Kafin ka ɗaura sabuwa ka gwada ta da ampul a wurin rezistans da pil mai volt 9 a ƙafa ta 3 da ta 4, in ka taɓa pil ɗin ampul ya kama, in ka cire ya mutu. Kaurin waya kada ya gaza 2,5 mm², ni mai 4 na sa, kuma kada ka bi ta priz ɗin bango na roba. Sukurorin nan ka sake ɗaure su bayan mako ɗaya, don zafi da sanyi suna kwance su, sako-sakon sukuru ma yana kawo irin warin da kake ji.

Na ga a hoton da ka sa kamar rezistans ɗin cikin madarar take kai tsaye. In haka ne ka raba su, tukunya cikin tukunya da ruwa a tsakani, in ba haka ba madara za ta riƙa kamawa a jikinta, yawur ɗinka ya yi ɗanɗanon ƙauri, masu saye ba za su gaya maka ba, sai dai su daina zuwa. Kuma in ɗanyen nono kake karɓa wajen Fulani kada ka rage rabin awan nan a 85 don sauri, yara ne ke sha. Da yamma in wuta ta yi ƙasa zuwa 180 za ka ga tukunya ta yi nawa, wat 3000 ɗinka ta koma wajen 2000, wannan ba laifin rele ba ne, kada wani ya sake sayar maka da wata a kan haka.

Bashin buhun nan sai bayan babbar Salla na gama biyansa. 'Yar tamu yanzu tana lakkal, amma har gobe ba ta shiga ɗakin nono, ko ƙofarsa a buɗe ta gani sai ta kewaye. Yau kada ka kunna tukunyar. Ka cire rele ɗin ka ɗauki hoton bayanta da lambar regilater da dizonkter ɗin kontarka ka sa mana a nan, bayan isha'i zan duba in zana maka yadda na haɗa nawa kontakter.