Me ya kashe tashar jirgin ƙasa ta Baro?

Tambaya: Malam, na je Baro a ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja, na ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ciyawa ta cinye ta. Yaya aka yi ƙauye kamar wannan ya samu tasha, kuma me ya sa aka yi watsi da ita?

Amsa: Malam, abin da ka gani ba ƙaramin wuri ba ne, domin daga nan layin dogon da ya fara shiga Kano ya taso. A 1907, zamanin Gwamna Girouard na Arewa, Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano. Kogin Kwara ne ya sa suka zaɓi Baro. A lokacin Arewa da Kudu gwamnatocinsu daban, Arewa kuwa tana son tata hanyar zuwa teku. Jiragen ruwa kan ɗauko ƙarafan dogo da taragai daga bakin teku, su hauro kogi su sauke a Baro. Daga nan layin ya bi ta Katcha da Badeggi da Minna, ya wuce Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911. Dakon auduga Turawa suka sa wa rai, sai manoma da fataken Kano suka rungumi gyaɗa.

Amma tun farko akwai matsala. Da rani ruwan Kwara kan ja baya, manyan jirage ba sa iya isowa Baro da cikakken lodi sai watannin da kogi ya cika. Ana cikin haka layin Ikko ya ratso ta Jebba ya haɗe da wannan a Minna, aka kuma haɗe hukumomin layukan biyu a 1912. Da aka gama gadar Jebba bayan 'yan shekaru, tarago na iya tashi daga Kano har Ikko ba a sauke kaya ba. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda ya zauna jiran damina? Nan Baro ta koma reshe. Daga baya manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, hukumar jiragen ƙasa ta yi rauni, reshen ya mutu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin da ginin yake ciki. A 2019 an ƙaddamar da tashar jiragen ruwa a Baro, alhali ba dogo mai aiki da zai kwashi kaya daga can. Ko ba a farfaɗo da reshen Minna zuwa Baro yanzu ba, ya kamata a gyara rufin tashar, a killace ta a hana masu saye da sayar da tsoffin ƙarafa kwashe abin da ya rage.