Teburin Zamanin Sarauniya Anne

Tambaya: Malam, an tallata mini wani tsohon teburin Ingila, wai na zamanin Sarauniya Anne ne. Yaya zan gane? Daga wani kafinta, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da ƙafa. Anne ta yi sarauta daga 1702 zuwa 1714, kuma an san salon zamaninta da ƙafa mai lanƙwasa: gwiwa ta turo waje, ƙwauri ya shige ciki. Katakon yayi a lokacin walnut ne, wani katako mai launin ruwan ƙasa. Jan katako mai kama da maɗaci sai bayan 1720 ya bazu.

Amma ni ƙarƙashin teburi na fi yarda da shi. Kifa shi, ka shafa. Aikin hannu yakan bar 'yan kwazazzabai, ba ya sumul. In ka ga sawun zarto mai zagaye, aikin inji ne, kwaikwayo aka yi daga baya. Kada ka biya kuɗin na asali.