Hukuncin sakin mijin da ƙwaya ta taɓa wa hankali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Daura nake. Mijina ya daɗe yana shan wiwi da tiramol, har ta kai yana magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta na bin sa, ya ajiye abu ya manta nan take. Ranar Talata da dare ya yi mini saki uku, da gari ya waye ya rantse bai san ya furta ba. Iyayena sun ce in dawo gida, danginsa sun ce babu saki. Ina matsayin aurena?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, Allah Ya ba ki ladan haƙuri, shi kuma Ya ba shi lafiya. Hukuncin ya rataya ne a kan halin da hankalinsa yake ciki lokacin da maganar ta fita daga bakinsa.

Idan maye ne, wato ya sha da ganganci kuma abin yana kansa, mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne saki ya auku, domin shi ya gusar da hankalinsa ta hanyar haram. An ruwaito daga Sayyidina Usman, Allah Ya yarda da shi, cewa babu saki ga mahaukaci da mai maye, kuma Ibn Taimiyya ya bi wannan, suna kafa hujja da aya ta 43 a Suratun Nisa'i, wadda ta nuna mai maye bai san abin da yake faɗa ba. To amma alƙalanmu a nan bisa Malikiyya suke hukunci, a wurinta kuma saki uku a kalma ɗaya uku ne.

Idan kuwa taɓin hankali ne ya zaunu, alƙalami ya sauka daga kansa. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Abu Dawud da wasunsa sun ruwaito shi. Sakin da aka yi cikin wannan hali ba ya aukuwa. Mai hauka tashi-tashi kuma, abin da ya furta lokacin da yake garau yana kansa.

A nan mutane suke kuskure, suna haɗa biyun wuri guda. Maye yana sakin mutum cikin awanni. Ruɗewar da wiwi ke haifarwa, kamar jin muryoyi da zargin ana farautarsa, tana iya ɗaukar kwanaki ko makonni bayan an daina sha, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun ce idan ta wuce kamar wata ɗaya ba ta lafa ba, akwai alamar ciwo ne mai zaman kansa. Abin da kika siffanta ya fi kama da taɓin hankali fiye da maye. Sai dai rantsuwarsa cewa bai tuna ba ba ta isa hujja ba, domin mai maye ma yakan manta.

Saboda haka fatawata ita ce: kada ki ba shi kanki har sai alƙali ya yanke, domin al'amarin farji ana yin taka-tsantsan a cikinsa. Ki zauna wurin iyayenki, musamman da yake yana zargin mutane. Waliyyinki ya kai maganar kotun shari'a tare da waɗanda suka ji sakin. Su faɗi yaushe ya sha na ƙarshe, ko ya gane mutane a daren, ko maganarsa tana da kan gado kafin sakin da bayansa. A haɗa da takardar likitan ƙwaƙwalwa. Idan an tabbatar babu saki amma haukan ya ci gaba, Malikiyya ta ba ki haƙƙi: alƙali ya ba shi shekara ɗaya ya nemi magani, in bai warke ba ki zaɓi zama ko rabuwa.

Danginsa kuma, nauyin nema masa magani yana wuyansu, ba musun saki kawai ba. Su kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, a duba shaye-shayen da ciwon tare, domin idan aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya, wanda aka bari shi ke dawo da ɗan'uwansa. Su faɗa wa likita duk abin da yake sha, kada kunya ta sa su ɓoye. Tiramol da yawa yana kawo farfaɗiya, kuma mai shan ƙwayoyin sa barci irin su baliyam ko roci idan aka yanke masa lokaci guda zai iya faɗuwa yana jijjiga, don haka a hankali likita ke ragewa. Maganin ƙwaƙwalwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, kuma halal ne ko da yana sa barci. Tunda yana mantuwa, mutum ɗaya ya riƙe maganin yana ba shi da hannunsa, ko a tambayi likita allurar wata-wata.

Ruƙiyya ta shari'a a yi ta tare da magani. Amma ɗaure shi da mari da duka zalunci ne, ina kuma jan kunnensu da ƙarfi. Mutanen Daura ba su manta da waɗanda 'yan sanda suka fito da su daga wani gidan mari a watan Oktoba na 2019 ba, ƙafafu duk miki.

Wallahu a'alam.