Me ya sa filtarka ta ƙara ƙarar da ka so kashewa

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce amfilifayar masallacinku a Nima da ke Accra tana wani siririn fito, ka je kasuwar kayan lantarki ta Zongo Lane ka sayo koyil mai mikrohenri 100 da kafasitar seramik mai mikrofarad 10, ka ɗaura su a layin wuta a matsayin filta, wato matatar ƙara, sai fiton ya ƙaru. Ka kuma ci karo da kalmomi uku da suka ɗaure maka kai: fol, rezonans da Q. To, aikin hannunka ba shi da laifi, lissafi ne ya rage maka.

Fol sanda ce. Ka tuna kanofin da ake kafawa ranar suna, sanda ta ɗaga tamfol a tsakiya ya gangaro ta gefe. Haka masu lissafi suke ganin fol a zanensu na filta. Mu a shago gangaren ne ya dame mu. Rizisto ɗaya da kafasita ɗaya suna ba da fol ɗaya. Haɗa rizisto mai kilo-om 10 da kafasita mai nanofarad 10, sauti zai fara sauka wajen hatz 1,600, wato kaɗawa 1,600 a daƙiƙa ɗaya. A daidai nan ya ragu da desibel 3, wato saura kashi 70 cikin 100 na boltejinsa. Daga nan duk ninkin firikwansi, wato saurin kaɗawar, yana cin desibel 6. Fol biyu, desibel 12.

Kai da ka haɗa koyil da kafasita, fol biyu ka yi, kuma nan ne maganar take. Waɗannan biyun ba sa cinye wuta, ajiya suke yi. Kafasita ta juye wa koyil, koyil ya mayar mata, kamar yaro a kan lilo. In kana tura lilo daidai lokacin da ya dawo, ɗan turi kaɗan sai ka ga yaro ya yi sama. Wannan shi ne rezonans. Na lissafa naka, lilonsa yana kaɗawa wajen hatz 5,000. Irin ƙananan adaftocin nan masu arha da ke ba na'ura wuta, in kaya ya yi musu sauƙi, sukan yi kuka a wannan yanki. Ka ga kenan ka kafa wa ƙarar lilo a ƙofar gidanta.

Q kuwa yana faɗa maka yadda lilon yake daɗewa kafin ya tsaya. Kada sunan quality, wato inganci, da aka laƙaba masa ya ruɗe ka. Ana cewa injiniyan da ya fara amfani da harafin, K. S. Johnson, ya ɗauke shi ne don sauran haruffa duk an ba su aiki. Ma'auninsa, ka raba firikwansin tsakiya da faɗin zangon da yake kamawa. A rediyo muna son Q babba don a tsamo tasha ɗaya daga cikin jama'a. Haka in za ka yanke gurnanin hatz 50 na wutar ƙasar nan ba tare da ka taɓa muryar ladan ba. Amma a filtar kashe ƙara a layin wuta, Q babba abokin gaba ne. Seramik ba ta da wata cijewa ta kirki a cikinta, wato abin da ke tare wuta kamar rizisto, koyil ɗinka ma haka. In duka ba su wuce om 0.3 ba, Q ɗinka ya kai 10, ƙarar da ta faɗo a hatz 5,000 ta ninka sau goma kenan.

Lambar Q da nake so ka haddace ita ce 0.707. A nan sauti ke tafiya shimfiɗe ba tozo, sannan ya gangara. Stephen Butterworth, injiniya ɗan Ingila, ya bayyana irin wannan filta a 1930, har yau da sunansa ake kiranta.

Gobe in Allah ya kai mu, ka sa rizisto mai om 3.9 a jere da koyil. Da yake ɓangaren makirufo ba ya jan wuta da yawa, ba za ka yi asarar bolteji ba. In layin mai jan wuta ne, bar koyil yadda yake ba rizisto, ka ƙara kafasitar elektrolitik mai mikrofarad 47 a gefen seramik ɗin, cijewar da ke cikinta za ta taimaka wajen tare lilon. Ka kawo amfilifayar shago bayan azahar mu ɗora ta a osiloskop, na'urar da ke zana sigina a allo, ina so ka ga tozon da idonka kafin mu kwantar da shi.