Sikeli Ya Ce Lafiya Lau, Tef Ya Ce A Yi Hattara: Amsoshin Wasiƙunku

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kasuwa ne mai shekara 46, ina sayar da shadda da atamfa. An kawo gwajin lafiya kyauta unguwarmu, aka auna tsawona mita 1.70, nauyina kilo 71, aka ce lissafin BMI ɗina 24.6 ne, wato ba ni da ƙiba. Amma da ma'aikacin ya zagaya mini tef a ciki ya sami santimita 98, sai ya ce in yi hattara da ciwon suga da hawan jini. Yaya mutum zai zama ba shi da ƙiba, kuma a ce yana cikin haɗari? Telana ma inci 36 yake ɗinka mini wando. Daga wani magidanci, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ma'aikacin nan ya gaya maka gaskiya, kuma babu karo tsakanin awon farko da na biyu, domin kowanne abin da yake dubawa daban ne. BMI lissafi ne mai sauƙi: a ninka tsawon mutum da kansa, a raba nauyinsa da abin da aka samu. A naka, 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, idan aka raba 71 da shi kuwa sai a sami 24.6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce. Ka ga ke nan kana bakin iyaka, kilo biyu kacal za su tsallakar da kai.

Wanda ya fito da wannan lissafi, Adolphe Quetelet, masanin lissafi ne ɗan ƙasar Beljiyam, ba likita ba ne, kuma a shekarun 1830 abin da ya dame shi shi ne siffar jikin jama'a a dunƙule. Sai a 1972 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya raɗa wa lissafin sunan BMI da ake kiransa da shi yanzu, ya kuma nuna amfaninsa wajen nazarin al'umma mai yawa. Sikeli ba ya rarrabe tsoka da ƙashi da kitse da ruwa, duk kilo yake gani, sannan bai san inda kitsen ya taru ba, alhali kuwa wurin da ya taru shi ne babbar magana.

Kitsen da ke ƙarƙashin fata a cinya ko a ɗuwawu ajiya ce wadda galibi take zaune shiru. Wanda ke can cikin tumbi, yana kewaye da hanji da hanta, ba ya zama shiru: yana sakin maiƙo da wasu sinadarai masu tayar da kumburi cikin jijiyar da ke kai jini kai tsaye zuwa hanta. Da tafiya ta yi tafiya sai hanta ta yi kitse, jiki ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka, sai suga ya riƙa yawo cikin jini. Daga nan hanyar ciwon suga, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki take buɗewa, kuma duk wannan yana iya ɗaukar shekaru mutum bai ji ko ciwon kai ba. Mai siraran hannuwa da ƙafafu da tumbi a gaba yana iya fin mai jiki ko'ina shiga haɗari, ko da sikeli ya nuna nauyinsu ɗaya.

Ga namiji, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗari yana ƙaruwa idan ƙugu ya wuce santimita 94, wato inci 37, yana kuma tsananta idan ya wuce 102, wato inci 40. Ga mace adadin 80 ne da 88. Daga binciken da aka yi a kan Turawa aka ɗebo waɗannan alƙaluma, kuma a 2005 tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya ta ce mutanen Afirka kudu da Sahara su riƙa amfani da 94 da 80 ɗin kafin a samar da nasu. Shi ya sa ni na fi karkata ga wata ƙa'ida da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta amince da ita a 2022: kada awon ƙugunka ya kai rabin tsawonka. Wannan ƙa'ida ba ta zaluntar gajere, ba ta kuma yi wa dogo rangwame, kuma ɗaya ce ga maza da mata. Rabin tsawonka, Alhaji, santimita 85 ne, kai kuwa kana da 98. Hukumar NICE ta kuma sauko da iyakar BMI ga baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya, ta mayar da 25 zuwa 23, 30 kuma zuwa 27.5, saboda ciwon suga yakan kama su tun nauyinsu bai kai na Turawa ba. A bisa wannan, 24.6 ɗin da ya kwantar maka da hankali ma ya riga ya haura.

Batun tela kuwa, shi yana auna inda wando yake zama ne, kuma mai tumbi ƙarƙashin tumbin yake ɗaura wandonsa, don haka inci 36 ɗin nan bai taɓa wurin da ake magana a kai ba. Suturarmu ma tana taimakawa wajen ɓoye lamarin, domin wando mai zariya ba ya matse mutum balle ya faɗakar da shi, kaftani da babbar riga kuma suna lulluɓe komai, har sai ranar da mutum ya sunkuya ɗaura takalmi ya ji numfashinsa yana tsinkewa. Idan za ka auna da kanka, ka tsaya cak, ka ɗage riga, ka laluba ƙashin haƙarƙarinka na ƙarshe da kuma saman ƙashin kwankwaso, ka sa tef a tsakiyarsu, wanda galibi yakan faɗo ɗan sama da cibiya. Ka fitar da numfashi yadda ka saba, kada ka shanye ciki, kada kuma tef ɗin ya nutse cikin fata. Wanda ba shi da tef ya samo zare, ya auna tsawonsa daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ya ninke zaren biyu, ya zagaya shi a ƙugu. Idan bakunan ba su haɗu ba, to akwai gyara.

Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka je asibiti da safe kafin ka ci komai, a auna suga da hawan jini, in da hali har da maiƙon jini. Ana yin wannan a Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya, ƙananan cibiyoyin lafiya da yawa ma suna auna biyun farko. Suga da ya kai 126 a ma'aunin mg/dL kafin cin abinci, ko hawan jini da ya kai 140 bisa 90, idan an maimaita aka sake samu, ya zama abin da likita zai bi. Na biyu, ka dubi wunin ɗan kasuwa: babur ko mota daga gida zuwa shago, zama daga hantsi zuwa magariba, shayi mai kauri da burodi da safe, lemon kwalba saboda zafi, sannan tuwo malmala uku da daddare a kwanta a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma kwalba guda ta rabin lita ta wasu nau'o'in lemo tana iya cinye wannan kaso gaba ɗaya. Ka rage malmalar tuwo, ka yawaita miyar ganye da wake da zogale, ka sha furarka ba tare da an zuba mata sukari ba, ka kuma sami tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar a mako, ko bayan asuba ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan tsarin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. A jikinka kashi 7 ɗin nan kilo 5 ne kawai, kuma kitsen tumbi yana cikin wanda yake saurin narkewa idan aka dage.

Tambaya: Likita, ni matar aure ce mai shekara 34 da 'ya'ya huɗu. Tsawona mita 1.60, nauyina kilo 79, ƙuguna santimita 86, zagayen kwankwasona 112. Dangin maigidana suna cewa jikina alamar kwanciyar hankali ne, ƙanwata kuwa da za a aurar tana shan ƙwayoyin ƙiba don ta yi irin jikina. Ina cikin haɗari? Daga wata uwargida, Daura.

Amsa: Hajiya, lissafin BMI ɗinki 30.9 ne, ya shiga ajin ƙiba. Abin da ya sassauta lamarin shi ne yawancin jikin naki a ƙasa yake, domin idan aka raba 86 da 112 za a sami 0.77, haɗari kuwa ga mace daga 0.85 yake farawa, ga namiji daga 0.90. Duk da haka rabin tsawonki santimita 80 ne, kin wuce shi da 6, gwiwoyinki da bayanki kuma su ne suke ɗauke da nauyin ko a ina ya taru. Nauyin da ake ƙarawa a kowane goyo, musamman da kunun kanwa mai zaƙi da yawan ci a kwanakin jego, yakan zauna idan wani cikin ya biyo baya kafin na farko ya sauka. Idan an taɓa ce miki suganki ya hau lokacin da kike da juna biyu, ko kin haifi jariri da ya kai kilo 4, to ki riƙa auna suga a kai a kai. Ki sani kuma mai juna biyu ba ta amfani da waɗannan ma'aunai, yara 'yan ƙasa da shekara 18 ma jadawalinsu daban ne.

Ƙanwarki ce ta fi tayar mini da hankali. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa akwai dexamethasone a cikinsu, magani ne mai ƙarfi da likita yake bayarwa don wasu cututtuka na musamman. Idan aka daɗe ana shansa yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ya siranta hannuwa da ƙafafu, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wato daidai irin kitsen da muke gudu take saye da kuɗinta. Idan ta kwashe makonni tana sha, kada ta yanke shi dare ɗaya, domin hakan ma yana iya jefa ta cikin mummunan hali. Ki ɗauki ƙwayoyin a cikin kwalinsu, ki raka ta wurin likita a tsara mata yadda za ta rage su sannu a hankali.

Tambaya: Ni matashi ne, ina dakon buhuna a kasuwar hatsi. Tsawona mita 1.75, nauyina kilo 84, ƙuguna 81. Wani ya lissafa mini ya ce nauyina ya yi yawa. Daga wani matashi, Sabuwar Unguwa, Katsina.

Amsa: Samari, lissafin ya ba da 27.4, amma rabin tsawonka 87.5 ne, ƙugunka kuwa 81, saboda haka tsoka ce sikelin ya auna. Ka riƙa duba ƙugun dai, musamman ranar da ka bar dako ka koma aikin zama alhali cin bai ragu ba.

Tambaya: Mahaifinmu ya haura shekara 65, hannuwansa da fuskarsa suna ta ramewa, cikinsa kuma yana ƙara girma cikin 'yan watannin nan. Shin wannan ne kitsen tumbin da ake faɗa? Daga wani ɗalibi, Daura.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Kitsen tumbi a hankali yake taruwa cikin shekaru, kuma ba ya zuwa tare da ramar fuska. Cikin da ya girma cikin watanni alhali sauran jiki yana zubewa ya fi kama da taruwar ruwa, abin da ciwon hanta, musamman wanda ciwon shawara nau'in B yake haddasawa, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda, ko tarin fuka na ciki, ko wani ƙari suke iya kawowa. A nan tef da sikeli ba su da abin faɗa. Ku duba ko idanunsa sun yi ɗorawa, ko ƙafafunsa suna kumbura har yatsa ya bar gurbi idan an danna, ku gaya wa likita duk abin da kuka gani. Kada ku ba shi maganin wankin ciki ko jiƙe-jiƙen rage tumbi, domin suna iya ƙara wa hantar da ta gaji nauyi. Ku kai shi asibiti cikin wannan makon a yi masa hoton ciki da gwajin jini, ku tafi da duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya.