Ina Zuriyar Sarakunan Tsibiran Filifin Take a Yau?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta cewa kafin Turawan Sifaniya su mamaye ƙasar Filifin akwai sarakunan gargajiya da ke mulkin tsibiranta, har da Musulmi a wurin da birnin Manila yake yanzu. Su wane ne waɗannan sarakuna, kuma zuriyarsu ta ƙare ne ko da sauranta? Daga wani ɗalibin tarihi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma kada ka ɗauka cewa akwai wani babban sarki guda da ya haɗa ƙasar a hannunsa, domin tsibiran sun haura 7,000, kuma ba su taɓa zama ƙarƙashin tuta ɗaya ba sai da baƙi suka zo. Jama'a suna zaune ne rukuni-rukuni a bakin teku da gaɓar koguna, kowane rukuni ana ce masa barangay, yawancinsu ba su wuce gidaje 30 zuwa 100 ba, kuma shugabansu shi ne datu. Datu ne ke yanke shari'a, shi ke jan mayaƙa idan an fita hari ta ruwa, kuma yana da kaso a cikin amfanin gona da na kamun kifi. Ƙarfinsa ba a faɗin ƙasa ake auna shi ba, a yawan mutanen da ke binsa ne, musamman waɗanda bashi ya ɗaure su a gidansa. A manyan tashoshin jiragen ruwa irin su Tondo da Manila da Cebu da Butuan, inda fatake daga Sin da Borneo ke sauka, shugabannin sun fi ƙarfi, suna amsa laƙabin raja ko lakan, daga baya kuma aka sami masu laƙabin sultan a kudu. Rubutu mafi daɗewa da aka samu a ƙasar wani faifan jan ƙarfe ne daga yankin Laguna mai ɗauke da kwanan wata da ya yi daidai da shekarar 900, kuma abin da ke cikinsa shaida ce ta yafe wa wani mutum da zuriyarsa bashin zinariya, tare da ambaton shugaban Tondo.

Sunayen da duniya ta fi sani sun fito ne daga tafiyar Ferdinand Magellan, jagoran jiragen ruwan Sifaniya da suka isa tsibiran a 1521. Raja Humabon na Cebu ya karɓi baƙin hannu bibbiyu har aka yi masa baftisma, shi kuwa Lapulapu na tsibirin Mactan ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza a bakin ruwa ranar 27 ga Afrilu, aka kashe Magellan. Sai a 1565 Miguel López de Legazpi, wani jagoran Turawan Sifaniya, ya zo da niyyar zama, ya tilasta wa Raja Tupas na Cebu sa hannu a yarjejeniya. Da mutanensa suka isa bakin kogin Pasig a 1570, sun tarar da manya uku: Raja Matanda da ɗan ɗan'uwansa Raja Sulayman suna riƙe da Manila, Lakandula kuma yana riƙe da Tondo a ɗaya ƙetaren. Gidan sarautar Manila Musulmi ne, kuma jininsu ɗaya da na sarakunan Burunai ta wajen auratayya. An ƙone Manila a wannan shekara, sannan a watan Yunin 1571 Legazpi ya kafa hedkwatar mulkin mallaka a kan kufansa.

'Ya'yan sarakunan ba su haƙura nan take ba. A tsakanin 1587 da 1588 wasu daga cikinsu, ciki har da Magat Salamat ɗan Lakandula, sun ƙulla shirin korar Turawan da taimakon Burunai da makaman da za su samu daga wasu 'yan kasuwar Japan, amma asiri ya tonu tun kafin a ɗaga takobi. Aka kashe jagororin, aka kori wasu zuwa Meziko, aka ƙwace dukiyarsu. Bayan wannan ne masarautar Sifaniya ta ga cewa jawo su a jiki ya fi araha a kan yaƙarsu, har Sarki Philip na Biyu ya ba da umarni a 1594 cewa a bar wa datu-datu martabarsu da ikonsu a kan mabiyansu. Abin ya yi kama da abin da muka gani a nan lokacin da Nasara ya bar hakimai da dagatai a kan kujerunsu ya ɗora musu karɓar haraji, sai dai can ba a bar wani babban sarki a samansu ba. Datu ya koma mai unguwa da ake kira cabeza de barangay, yana tara haraji yana fitar da mutanen aikin tilas, shi da babban ɗansa kuma an ɗauke musu biya. Daga cikinsu ake zaɓen shugaban gari, ana kiran mazansu Don, matansu Doña, kuma ajinsu baki ɗaya shi ne principalía. Yawancin zuriyar da kake tambaya a kanta cikin wannan aji ta narke, ta karɓi Kiristanci da sunayen Sifaniyanci, ta zama masu gonaki da 'yan boko.

A ganina, duk wanda ya bi labarin nan da kyau zai lura cewa asali ya tsira ne a inda yake da wani haƙƙi da ake karɓa da shi. Gidan Lakandula shi ne babban misali. Saboda Legazpi ya yi wa Lakandula alkawarin ɗauke wa zuriyarsa haraji da aikin tilas, sai jikoki da tattaɓa-kunne suka riƙa kai ƙara da takardun shaida ga hukuma duk lokacin da wani jami'i ya nemi ya taka alkawarin, kuma waɗannan takardu suna nan a ma'ajiyar tarihin ƙasa da ke Manila, su ne masana ke bi suna fitar da salsalar gidan. A cikinsu akwai Don Juan Macapagal na Arayat a lardin Pampanga, tattaɓa-kunnen Lakandula, wanda ya tsaya wa Turawan Sifaniya lokacin boren mutanen Pampanga na 1660, aka saka masa da muƙamin soja da ƙarin gata. Iyalan Diosdado Macapagal, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1961 zuwa 1965, da 'yarsa Gloria Macapagal Arroyo, wadda ta yi mulki daga 2001 zuwa 2010, suna danganta kansu da wannan gida. Abin lura shi ne Diosdado cikin talauci ya tashi a garin Lubao, don haka ba gadon sarauta ne ya kai shi fadar shugaban ƙasa ba.

Abin da ya dagula wa sauran gidaje lissafi shi ne dokar Gwamna Narciso Clavería ta 1849, wadda ta raba wa jama'a sunayen iyali daga wani kundi da aka tsara bisa jerin baƙaƙe, don sauƙaƙa ƙidaya da haraji. Dokar ta hana kowa ɗaukar sunaye irin su Lacandola da Tupas sai wanda ke da hujjar cewa nasa ne, amma duk da haka ta sa sunan mutum ya daina zama shaidar asalinsa, tunda baƙi biyu na iya tashi da suna ɗaya, 'yan'uwa kuma su tashi da sunaye daban.

A kudu labarin ya sha bamban, domin Sifaniya ta shafe kusan shekara 300 ba ta iya murƙushe masarautun Musulmi ba. Masarautar Sulu ta kafu ne a ƙarni na 15 a hannun Sharif ul-Hashim, ta Maguindanao kuma tana danganta kafuwarta da Sharif Kabungsuwan wanda ya zo daga Johor, kuma shahararren sarkinta Sultan Kudarat, wanda ya rasu a 1671, har yau akwai lardi mai sunansa. Waɗannan gidaje suna ajiye rubutacciyar salsala da suke kira tarsila, suna naɗa sultan da datu, suna sasanta rikicin iyalai da na filaye. Sai dai ba su da iko a hukumance, domin tsarin mulkin ƙasar na 1987 ya hana majalisa yin dokar da za ta ba wa wani sarauta.

Tambaya: Malam, na ji an ce wasu jikokin Sarkin Sulu sun kai ƙasar Malesiya ƙara suna neman biliyoyin daloli. Mene ne tushen wannan magana? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, tushen maganar wata takarda ce da aka sa wa hannu ranar 22 ga Janairun 1878. A cikinta Sultan Jamalul Alam ya miƙa wa wasu Turawa biyu, Baron von Overbeck da Alfred Dent, yankinsa na arewacin Borneo, wanda yanzu yake cikin jihar Sabah ta Malesiya, a kan za a riƙa biyansa dala 5,000 kowace shekara, aka ƙara kuɗin zuwa 5,300 a 1903. Gardamar da ba ta mutu ba ita ce ko haya ya bayar ko kuwa sallamawa ya yi baki ɗaya: gidan Sulu da gwamnatin Filifin suna cewa haya ce, Ingila da Malesiya suna cewa sallamawa ce.

Ita masarautar kanta ta rasa ikon mulki a 1915, lokacin da Sultan Jamalul Kiram na Biyu ya amince wa Amurkawa cewa zai tsaya a matsayin shugaban addini kawai. Ya rasu a 1936 bai bar ɗan da zai gaje shi ba, kuma daga nan gidan ya rabu. A 1939 wata kotu a arewacin Borneo ta tantance mutum tara a matsayin magadan da za su riƙa raba kuɗin shekara, kuma bayan Sabah ta shiga tarayyar Malesiya a 1963, gwamnatin Malesiya ta ci gaba da biyan ringgit 5,300, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka dubi man fetur da iskar gas da ake haƙowa a yankin. Sarki na ƙarshe da gwamnatin Filifin ta amince da naɗinsa shi ne Mahakuttah Kiram, a 1974, kuma tun rasuwarsa a 1986 masu da'awar gadon sarautar suke da yawa, kowa da tarsilarsa da magoya bayansa.

A watan Fabrairun 2013 ɗaya daga cikinsu, Jamalul Kiram na Uku, wanda ke zaune a wani ƙaramin gida a unguwar Musulmi ta Taguig kusa da Manila, ya tura mutum kusan 200 ƙarƙashin ƙanensa suka sauka a Lahad Datu da ke Sabah. Bayan makonni ana jan-in-ja sai faɗa ya ɓarke, mutum fiye da 60 suka mutu, shi kuma ya rasu a watan Oktoban shekarar. Daga nan Malesiya ta daina biyan kuɗin, kuma wannan dainawa ce ta ba wasu magada takwas ƙofar kai ƙara a Turai. A Fabrairun 2022 wani mai sasanci ɗan Sifaniya da ya zauna a birnin Paris ya yanke cewa Malesiya ta biya su kusan dala biliyan 15. Malesiya ta ce ba ta amince da wannan zama ba, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta ba ta gaskiya a 2023, kuma babbar kotun Faransa ta yi watsi da ƙarar magadan a Nuwamban 2024.

Tambaya: Da gaske ne akwai zuriyar wani sarkin Filifin a ƙasar Sin? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Da gaske ne, Alhaji, kuma asalinsu ya fi na gidaje da yawa na cikin Filifin tabbata, saboda marubutan fadar Sin sun rubuta shi. A 1417 Paduka Pahala, sarkin gabashin Sulu, ya kai wa Sarki Yongle na daular Ming ziyara da tawagar mutum fiye da 300. A hanyarsa ta komawa ciwo ya kama shi, ya rasu a garin Dezhou da ke lardin Shandong, Sarkin Sin ya sa aka binne shi da girmamawar da ake yi wa 'ya'yan sarauta. Babban ɗansa ya koma gida ya hau gado, matarsa da 'ya'yansa biyu suka zauna gadin kabari, fada ta ba su gonaki da abin masarufi. A shekarun 1730, zamanin daular Qing, aka mayar da jikokinsu cikakkun 'yan ƙasa da sunayen iyali biyu, An da Wen, waɗanda aka ciro daga sunayen 'ya'yan nan biyu. Musulmi ne da ake lissafa su cikin al'ummar Hui, kabarin yana nan ana kai masa ziyara, kuma wasu daga cikinsu sun je Sulu sun gana da dangi a 'yan shekarun nan.

Tambaya: A intanet na ga mutane suna cewa su jikokin Lapulapu ne, wasu kuma na wani Datu Kalantiaw mai dokoki. Yaya za a ɗauki irin wannan da'awa? Daga wani mai karatu.

Amsa: A yi hattara da ita, Malam. Abin da aka rubuta a kan Lapulapu a zamaninsa ya fito ne daga mutanen jirgin Magellan, musamman Antonio Pigafetta, kuma bayan yaƙin Mactan rubutun bai sake bin rayuwarsa ko ta 'ya'yansa ba, don haka masu wannan da'awa da labarin baka suke dogara. Shi kuwa Kalantiaw ba a taɓa yin sa ba. Wani mutum mai suna José Marco ne ya fito da takardun da ke cewa wannan datu ya kafa dokoki a 1433, aka shigar da su littattafan makaranta, sai a 1968 masanin tarihi William Henry Scott ya nuna cewa ƙirƙirarru ne, kuma hukumar tarihin ƙasar ta tabbatar da haka a 2004. Wanda ke son a gaskata shi daga arewa ko tsakiyar ƙasar, sai ya kawo rajistar baftisma da ta aure daga coci, ko takardun haraji na zamanin Sifaniya da ke haɗa shi da wani gida sananne. Wanda ya fito daga kudu kuma sai ya kawo tarsila wadda dattawan sauran gidajen sarautar suka amince da ita.