Amsar Oga kan cen bulok mai hannu da ke sakin kaya

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanina na ji saƙonka, ka ce cen bulok ɗinka mai hannu, wato na'urar ɗaga kaya mai sarƙa da wasu ke ce wa pul-lif, tun da ka kwance shi ka bulbula masa mai ya fara sakin kaya, ka ɗaga inji sai ka ga yana sulalowa a hankali. Toh don Allah tun kafin in ƙarasa magana ka ajiye shi gefe, ko giyabos kar ka sake rataya masa.

Man nan shi ne ya ja maka. Ka ga ta ɓangaren da hannun yake akwai birki a ciki, wasu faifai ne guda biyu sirara sun sa wani ƙarfe mai haƙora a tsakiya, nauyin kayan da kansa ne yake matse su su riƙe, to wajen nan a bushe ƙamas ake son shi, mai ya taɓa su shikenan sai santsi. Kuma idan sun riga sun sha mai gogewa da tsumma ba ta fitar da shi, sababbi za ka nema daidai lambar na'urarka. Giris ta ɗaya ɓangaren yake zuwa, inda giyoyi suke.

Sarƙa ita ce mai son mai, ita kuma mutane ke bari. Ka sauke ta ƙasa ba kaya a jikinta, ka wanke da kananzir da buroshi musamman lokacin hunturu da ƙura ke haɗuwa da tsohon mai ta riƙa cin ƙarfe, ka bari ta bushe, sannan ka bi ta da mai mai tsabta ya shiga can inda zobe ke gogar zobe, nan ne take cinyewa ba a gani. Banda baƙin mai da aka juye daga inji, akwai garin ƙarfe a ciki. Kuma ka nisanta ta da ruwan batir.

Kana shafawa kana dubawa, zobe ɗaya ɗaya. Wanda ya lanƙwashe ko ya tsage ko ya sirance, sarƙar gaba ɗaya ta tashi aiki, ba a kai ta wajen mai walda, wallahi wannan shi ya fi ɗaga min hankali, domin ƙarfenta na musamman ne wuta tana kashe masa ƙarfi. Ƙugiya ma haka, in bakinta ya buɗe har ɗan marufin da ke rufe bakin baya kai wa, ta taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta ne, kar a buga ta da guduma a ce an gyara.

Sai maganar zura fayif a hannu don a ƙara ƙarfi. In an rubuta tan 1.5 a jiki to tan 1.5 ne, hannun ya yi maka tauri yana faɗa maka kaya sun yi yawa ne, ka aro mai tan 3.

In ka canza faifan ka haɗa, ka ɗaga kaya kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, kunnenka na jin ƙas ƙas ɗin da ƙarfe mai haƙoran nan ke yi, ka saki hannu ka tsaya ka gani ko zai motsa, sannan ka mayar da shi ɓangaren saukarwa ka sauke kayan. Yaran shago kuma kowa ya matsa daga ƙarƙashi. Ka turo min hoton faifan da lambar jikinsa in gani kafin ka je kasuwa.